"Murther": Kalmar da Ta Samo Asali Daga Kisan Ɓoye

Wanda ya buɗe kundin wasannin kwaikwayon Shakespeare da aka buga a Landan a 1623 zai yi ta cin karo da "murther" a inda ɗalibin yau ya saba ganin "murder". Ba kuskuren maɗaba'a ba ne. Haka mutanen Ingila suka daɗe suna furta ta, tun daga tsohuwar kalmarsu "morthor", 'yar uwar "mors" ta Latin, wato mutuwa.

Kafin 1066, ba kowane kisa ake kira da wannan suna ba. In mutum ya kashe wani a bainar jama'a, bai gudu ba, dangin ɓangarorin biyu kan zauna a biya kuɗin jini, kwatankwacin diyya, a kashe maganar. Amma wanda ya lallaɓa cikin dare, ko ya zuba guba, ko ya ɓoye gawa, laifinsa ne ake kira "morthor", kuma ya fi muni, domin ya hana dangin mamaci sanin ƙofar da za su nemi haƙƙinsu.

Da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, mutanensa suka zama tsiraru a cikin jama'ar da ke jin haushinsu, aka riƙa tsintar gawarsu a daji da bakin hanya. Sai sarki ya kafa tarar da aka kira "murdrum": in an tsinci gawar Banormande ba a kama wanda ya kashe shi ba, gundumar da aka tsince ta a ciki gaba ɗaya za ta biya awon azurfa 46, kaso mafi girma kuma na sarki ne. Mafita ɗaya ce, a kawo shaidar cewa mamacin ɗan Ingila ne, ba Banormande ba. Wannan zalunci ne bayyananne, doka ce da ta fifita jinin mai mulki a kan na talakan ƙasa. Sai a 1340, zamanin Sarki Edward na Uku, aka soke ta.

Bayan haka alƙalai suka daina duba ko a ɓoye aka yi kisan, suka koma tambayar ko da gangan ne, da mugun nufi. Furucin kalmar ma ya sauya, kamar yadda "burthen" ta zama "burden". Zuwa ƙarni na 19, "murder" ta mamaye rubutu da kotuna, "murther" kuwa sai a tsofaffin littattafai da wasu karin harsunan karkara.