Hasken Leza da Idon Ɗan Rakiya

Wannan fanni namu na yi wa ido aiki da leza, idan aka bi salsalarsa, daga husufin rana ya taso, domin kuwa wani likita Bajamushe, Gerd Meyer-Schwickerath, da ya ga yadda husufin 1945 ya ƙone tantanin gani na waɗanda suka ƙura wa rana ido, sai ya lura cewa ƙunar nan, in an auna ta da hikima, tana iya zama magani. A 1949 ya jawo hasken rana daga rufin asibitin Hamburg ya yi wa majinyaci aiki da shi. Theodore Maiman ya ƙera leza a Amurka a 1960, kafin shekara biyu ta shiga ɗakin likitan ido.

Magabatanmu ba su fita lami lafiya ba. Bincike a Ingila, wajen ƙarshen shekarun 1980, ya tabbatar da cewa likitocin da suka daɗe da lezar argon, ikonsu na bambance launin shuɗi ya raunana, dalilin da ya sa aka koma ga koren haske, aka kuma inganta matatar da ke cikin madubin da likita yake leƙawa.

To, likita ya sami kariya, majinyaci kuwa dama idonsa ake nufi. Wanda nake ji wa tsoro, a haƙiƙa, shi ne ɗan rakiya. Dattijon garin Sarkin Hausa ko Tasawa wanda ciwon suga ya taɓa masa ido, ko yana ta sake rufe shi bayan aiki, ba ya zuwa Maraɗi ko Kano shi kaɗai, sai da ɗa ko jika wanda ya riƙo masa sanda, wanda kuma, saboda biyayya, yakan matso ya tallafe masa ƙeya sa'ad da muka ce, "Baba, ɗora haɓa nan, kada ka motsa." A daidai wurin nan hasken da ya daki gilashin da aka manna a idon tsoho yake iya karkatowa. Lezar YAG, mai lamba 1064, ba a ganinta sam, balle ido ya ƙifta ya kare kansa, kuma tabarau na kariya da aka yi don leza mai lamba 532 ba lallai ya tare ta ba, ko da ya yi duhu. Saboda haka wajibi ne a rufe ƙofa, a kunna fitilar gargaɗi, a duba lambar kowane tabarau, sannan a ce wa yaron cikin mutunci, "Samari, sa wannan, ko ka jira mu a waje."