Yadda Aka Leƙa Cikin Mutum Ba Tare da Wuƙa Ba

Kafin 1895, likitan da ke son sanin abin da ke cikin majiyyaci sai dai ya tattaɓa, ya saurara, ya yi kirdado, ko kuma ya sa wuƙa. A watan Nuwamban shekarar ne Wilhelm Röntgen, malamin fiziya a Würzburg ta Jamus, ya ci karo da wani haske mai ratsa kwali da tsoka. Bai san ko mene ne ba, sai ya laƙaba masa X. Ranar 22 ga Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa Anna Bertha: ga ƙasusuwan yatsu zara-zara, ga zobe kamar yana reto a jikin ƙashi. Ya ƙi yin rajistar mallakar abin da ya gano, shi ya sa cikin 'yan watanni eksire ya bazu a asibitoci. Ɗoki ya sa ba a yi hattara ba. Clarence Dally, ma'aikacin Thomas Edison, hasken ya cinye masa hannuwa, aka yanke su, ya mutu a 1904.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, kusan duk ci gaban da ya biyo baya daga wajen asibiti ya shigo. Sikanin ɗin da mata ke yi a awon ciki, tushensa na'urar da maƙera ke neman tsaguwa da ita a jikin ƙarfe. A 1955 Ian Donald, likitan mata a Glasgow, ya loda ƙulluttukan da aka cire wa mata a mota, ya nufi masana'antar Babcock & Wilcox da ke Renfrew. Can tsakiyar tukwanen ƙarfe aka riƙa ɗora musu na'urar ɗaya bayan ɗaya, har aka ga amon da ƙari mai tauri ke mayarwa daban yake da na mai ruwa. Shi da injiniya Tom Brown suka gyara na'urar, sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 1958.

CT kuwa daga EMI ya fito, kamfanin da aka fi sani da faifan waƙa. Godfrey Hounsfield, wanda ya ƙirƙiro shi a can, ko digiri ba shi da shi. Na'urarsa ta gwaji kwana 9 take yi kafin ta gama ɗaukar abu guda, kuma har da ƙwaƙwalwar shanu ya gwada ta. A Oktoban 1971 aka ɗauki hoton kan wata mata a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, ciwon ya fito ƙarara. Ashe tun 1956 Allan Cormack ya fara lissafin wannan dabara a Cape Town, ba wanda ya kula. Sai a 1979 shi da Hounsfield suka raba kyautar Nobel. MRI, mai aiki da maganaɗisu, ya biyo baya daga binciken Paul Lauterbur da Peter Mansfield.

Da hotuna suka yi yawa, sai masu karanta su suka yi kaɗan. A 2016 Geoffrey Hinton, gwanin ƙirƙirarriyar basira, ya ce a daina horar da likitocin hoto, wai kwamfuta ta kusa karɓe aikin. A ganina ya yi riga malam masallaci, don har gobe nemansu ake ruwa a jallo. Inda kwamfutar ta fi amfani shi ne inda likitan babu shi ɗungurungum. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince manhaja ta duba hoton ƙirjin 'yan shekara 15 zuwa sama don tantance tarin fuka. A Najeriya ana ɗaukar ƙananan na'urorin eksire zuwa ƙauyuka, mutum ya tsaya ya ja numfashi ya riƙe, manhaja ta ba da maki nan take. Wanda makinsa ya haura, sai a miƙa masa 'yar roba ya kawo majina a gwada.