Daga Zariya Zuwa Samonda: Tarihin Wata Majami'ar Katolika

Masu nazarin gine-ginen ƙasar Hausa sun saba tsayawa a kan Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. In sun matsa gaba kaɗan, sai su ambaci majami'ar Angilikan ta Wusasa, wadda aka gina da ƙasa a 1929. Wannan maƙala za ta duba wani gini da yake nesa da ƙasar Hausa, amma tarihinsa ya ratso ta Sakkwato da Zariya, wato majami'ar ƙungiyar Dominikan ta ɗarikar Katolika da ke unguwar Samonda a Ibadan.

Fada-fadan wannan ƙungiya sun zo Nijeriya ne daga Amurka a 1951, suka sauka a Legas. A 1953 aka ba su kula da yankin Sakkwato, kuma ɗaya daga cikinsu, Edward Lawton, shi ya zama bishop na farko a can a 1964. Daga baya suka kafa gidan horar da sababbin fada-fada a Ibadan. Lokacin ya zo daidai da babban taron Fadar Paparoma na 1962 zuwa 1965, wanda ya buɗe ƙofar yin ibada cikin harsunan jama'a, ya kuma nemi a kusanto da masu ibada ga bagadi. Sabon tsarin ibada kuwa yana bukatar sabon fasalin ɗaki. Daɗin daɗawa, 'yan'uwansu na Faransa sun riga sun ba Le Corbusier aikin gidan La Tourette, wanda aka buɗe a 1960, saboda haka ginin zamani ba baƙo ba ne a wurinsu.

Wanda suka danƙa wa aikin a 1970 shi ne Demas Nwoko, mutumin Idumuje-Ugboko, wanda aka haifa a 1935. Bai yi karatun zayyanar gini ba. Zane da sassaƙa ya koya a Kwalejin Zariya daga 1957 zuwa 1961, kafin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, sa'an nan ya koyo tsara dandamalin wasan kwaikwayo a Faris. A Zariya ne shi da su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane a 1958. Ra'ayinsu shi ne a karɓi dabarar Bature, amma a ɗora ta bisa gadon gida.

Mai ziyara zai fara hango hasumiyar ne, ta taso daga jikin rufin ta miƙe sama. A gefen ginin akwai kwamin ruwa da yake sanyaya wurin. Da an shiga sai a tarar da kujeru sun yi wa bagadi rabin da'ira, ba dogon layi irin na majami'un Turai na dā ba, kuma haske yana saukowa daga sama. A nan ne hannun mai tsara dandamali ya bayyana: duk inda mutum ya zauna, idonsa wuri ɗaya zai nufa. Akwai ginshiƙan katako masu sassaƙa, ga kankare da dutse an bar kowanne da kamanninsa, ba a lulluɓe shi da fenti ba. A ganina, wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin bakan gizon masallacin Zariya ba zai ji baƙunci a nan ba, domin duka biyun sun yi rowar taga, sun bar inuwa da sanyi su tara hankalin mai ibada.

Abin da ya fi shafar mu shi ne ra'ayin Nwoko game da ƙasa. Da zai gina ɗakin aikinsa a Ibadan a 1967, sai ya cuɗa jar ƙasa da siminti kaɗan ya buga bulo, wanda ya riƙe sanyin ƙasa ya kuma jure ruwa. Wannan ita ce matsalar maginan Haɗeja. Ambaliyar 2022 ta rusa gidajen ƙasa masu yawa a garuruwan fadamar kogin Haɗeja, kuma duk wanda ya sami hali sai ya koma ga bulon siminti da kwano, ya sayi zafin bazara da kuɗinsa. Tare da tubali, kalmomin sana'ar ma suna tafiya. Ɗalibanmu kaɗan ne za su iya bayanin azara ko makuba ko ɗaurin guga.

Duniya ta daɗe ba ta waiwayi Nwoko ba. Sai a 2023 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a bikin baje kolin zayyanar gini na birnin Banis a Italiya, shekara 53 bayan fada-fadan Samonda sun ba shi aikin.