FASHIN BAƘI: Bambancin “border” da “boundary”, kalmomin da Hausa ke kira iyaka

A garin Lolo da ke Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda hanya ke tsallakawa zuwa Madekali a Jamhuriyar Benin, kalmar “iyaka” ta wadatar. A takardun gwamnati kuwa, waɗanda da Turanci ake rubuta su, kalmomi biyu ne, kuma kowace da hurumin da take nunawa.

“Boundary” na nufin layin da yarjejeniya ko doka ta shata tsakanin yankuna biyu, ko ƙasashe ne, ko jihohi, ko gonaki. Layin da ya raba Nijeriya da Benin ya samo asali ne daga yarjejeniyoyin Birtaniya da Faransa na 1889 da 1898. Ita ce kalmar da sashe na 8 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya yi amfani da ita wajen gyaran iyakokin jihohi da ƙananan hukumomi, kuma ita ce a sunan hukumar shata iyakoki ta ƙasa da aka kafa a 1987.

“Border” ta fi karkata ga iyakar ƙasa da ƙasa, tare da mashigarta, jami'an kwastam da na shige da fice, da garuruwan da ke gefenta. Ita gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe a Agustan 2019, sannan a Nuwamba aka hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakinta. Layin kansa bai motsa ba. Zirga-zirga ce aka tsayar.

A nahawu, “boundary” suna ce kawai, jam'inta “boundaries”. “Border” kuwa suna ce kuma aikatau. Ana cewa “Bagudo borders Benin”, wato Bagudo ta yi iyaka da Benin, amma ba a saka “boundary” a wannan gurbi. Idan “on” ta biyo ta, takan ɗauki ma'anar “ya kusa zama”.

Amfanin sanin wannan shi ne gane ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ɗan kasuwar da aka tsare wa kaya a mashiga, maganarsa ta “border” ce, tana hannun kwastam. Ƙauyen da ake jayayya kan ƙasar da ya faɗa, maganarsa ta “boundary” ce, kuma hukumar shata iyakoki ko kotu ke warware ta, kamar yadda Kotun Duniya ta bai wa Nijar tsibirin Lete a shari'arta da Benin a 2005.