Sito-siton Kwatar Albert a Libaful: Daga Ajiyar Haja zuwa Ajiyar Tarihi

Kalmar sito, wadda Hausawa suka ara daga Turanci, tana nufin ɗakin da ake tara haja kafin a kai ta kasuwa. A Ingila kuwa, ba sito-siton da suka yi suna kamar na Kwatar Albert a birnin Libaful.

Injiniya Jesse Hartley ne ya tsara ginin, Yarima Albert, mijin Sarauniya Biktoriya, ya buɗe shi cikin 1846. Da tubali da dutse da baƙin ƙarfe aka yi shi, ba a sa katako cikin ginshiƙansa ba, don gudun gobara, wadda ta sha cinye dukiyar fatake. Jirgi yakan tsaya a gindin bango a sauke auduga da shayi da siliki da taba da hauren giwa, ba a biyan kuɗin kwastan sai ran da kaya za su fita.

Amma domin jiragen da iska ke turawa aka haƙa kwatar. Da manyan jiragen tururi suka yawaita sai mashigarta ta yi musu ƙanƙanta, ciniki ya ja baya. Bama-baman Jamus suka taɓa ta cikin 1941, aka rufe ta cikin 1972, laka ta cike ta. Har an yi shawarar rushe ginin.

Hukumar raya yankin da gwamnati ta kafa cikin 1981 ita ta cece shi. Aka zuba kayan tarihin jiragen ruwa a wani sashe, cikin 1988 aka buɗe gidan zane-zane na Tate, cikin 2007 kuma gidan tarihin bauta.

Wannan na ƙarshe shi ya fi shafar mutanen Afirka ta Yamma. Gaskiya ne Ingila ta hana fataucin bayi tun 1807, kafin a aza tubalin farko. Duk da haka jiragen Libaful sun riga sun kwashe 'yan Afirka wajen miliyan ɗaya da rabi, kuma har zuwa Yaƙin Basasar Amurka bayi ne ke noma yawancin audugar da ke shiga birnin.

Gyaran tsohon gini bai ishe shi tsaro ba. Hukumar UNESCO ta sa bakin ruwan Libaful cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, ta cire shi a 2021, saboda sababbin gine-gine sun ɓata kamanninsa.