Sirrin Majiyyaci a Kasuwar Amurka

A shekarar 1997, wata ɗalibar jami'ar MIT mai suna Latanya Sweeney ta biya dala 20 ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin Cambridge. Kafin nan, hukumar inshorar ma'aikatan jihar Massachusetts ta miƙa wa masu bincike bayanan jinyar ma'aikata bayan ta goge sunaye, gwamna William Weld kuma ya bugi ƙirji cewa asirin kowa a rufe yake. Sweeney ta haɗa ranar haihuwa da jinsi da lambar gidan waya ta unguwa, sai ga takardun jinyar gwamnan kansa sun fito fili. Ta tattara ta aika masa ofis.

Riƙe sirrin mara lafiya tsohuwar amana ce, tun rantsuwar likitocin Girka ta dā. Sai dai rantsuwa likita take ɗaurewa, ba ta ɗaure kamfanin inshora ko kantin magani ba.

Shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan dokar inshorar lafiya ta HIPAA a 1996, ƙa'idojinta na sirri kuma suka fara aiki a 2003. Sun lissafa abubuwa 18, daga suna zuwa lambar waya, da za a cire kafin a ce bayani ya daina nuna mai shi. A 2013 aka ƙara tsaurara su: asibiti ba zai sayar da bayanan majiyyaci ba sai da izininsa a rubuce.

To, amma kasuwar bayanan jinya ba ta watse ba. Bayanin da aka cire wa waɗannan abubuwa 18 halas ne a sayar. Jihar Vermont ta yi ƙoƙarin hana sayar wa kamfanonin magani bayanan irin magungunan da kowane likita ke rubutawa, Kotun Ƙoli ta rushe dokar a 2011, tana cewa ta tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. Wannan hukunci kam dillalan bayanai ya yi wa rana.

Babban giɓin ma yana cikin aljihu, domin HIPAA ba ta shafi yawancin manhajojin wayar salula ba. Da aka zargi kamfanin manhajar GoodRx da miƙa wa Facebook da Google bayanan magungunan mutane, hukumar kare masu saye ta FTC ce ta ci kamfanin tarar dala miliyan 1.5 a 2023, kuma da wata doka daban.