Tsingaro a Bakin Gulbi

Manomin fadama a ƙasar Bodinga da Shagari ya san ƙarar da fartanya ke yi idan ta ci karo da tsingaro. Ya ɗauka, ya goge laka da babban yatsa, ya dubi zanen da ke wuyan tukunyar, ya jefar gefen kunya ya ci gaba da noman albasa. Gari irin Horo Birni, sunansa ma ya isa ya sa mutum tunanin ganuwa. Sai dai a tsohon Lardin Sakkwato, ruwa ne ya fara tilasta wa masana su durƙusa su tona bakin gulbi da gaske.

A 1964 aka fara gina madatsar Kainji a kan Kwara, aka gama a 1968. Kowa ya san tafkin zai haɗiye tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya mutu a 1806, da tsibirai da ƙauyukan da suka miƙe har ƙasar Yawuri. Mutum fiye da dubu 40 aka tayar. Kafin nan Robert Soper ya zaga kwarin yana sa wa tuddai da kufai lamba. Daga baya Donald Hartle ya jagoranci aikin ceto, wata tawaga kuma ta zo daga Jami'ar Kolorado ta Amurka ƙarƙashin David Breternitz. Tsere ne da ruwa: a tona, a auna, a zuba a buhu, a matsa gaba.

Abin da ya fi jan hankali ya fito ne kusa da Yelwa, inda A. J. Priddy ya fasa wani tudu. Tudun nan juji ne na zamunna, gida ya rushe an gina wani a kansa. A ciki aka sami tukwane da 'yan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. Gwajin shekarun gawayi ya kai zaman wurin tsakanin ƙarni na 2 da na 7 miladiyya, wato mutanen nan sun gasa yumɓunsu kusan shekara dubu kafin Kanta ya kafa daular Kabi.

Shi Kanta ma a gefen fadamar Rima ya dasa birnin Surame a ƙarni na 16, da ganuwar dutse. An ayyana kufan a matsayin kayan tarihi na ƙasa a 1964, ya shiga jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO a 2007. Takarda kam ta samu. Alƙalawa, birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ita ma a bakin Rima take kwance.

Da aka zo madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978 kusa da Talatar Mafara, katafila ta baje gonaki domin noman rani. Abin da ake tunawa a nan shi ne rikicin diyya da jinin manoman da ya zuba a Afrilun 1980, zamanin mulkin Shehu Shagari. A ganina, wanda aka raba da gonarsa ba ya da lokacin tambayar abin da ke ƙarƙashinta. Madatsar Goronyo ta biyo baya, sannan shirin Fadama na shekarun 1990 ya cika kwaruruka da injin ban-ruwa.

Masu tonon da suka fi kowa himma a lokacin kuwa ba su da littafin rubutu. Dillalai suka riƙa sayen kawunan yumɓu masu kaurin gira daga ƙauyuka, suna fitar da su Turai da sunan "Sokoto". A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ake wawashewa, tare da na Nok da Katsina. Yau za ka ga irin kan nan a akwatin gilashi a Faransa, an haska shi da fitila, katin da ke ƙasansa bai ambaci ko sunan ƙauyen da aka tono shi ba.